Ƙurajen da ke jikin saiwar wake

A gonakin Cadawa, da Agye, da Gazawa, har Gidan Rumji, ana shuka wake tsakanin hatsi. In manomi ya tono gindin wake guda wajen kwana 40 bayan shuka, zai ga ƴan ƙuraje jikin saiwa, kamar ƙwayar dawa. Wasu na cewa ciwo ne. Ba ciwo ba ne, rumbun taki ne.

Cikin ƙasa akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani. Sunansu rizobiyom. Su ke ɗebo azot daga iska su ba wake. Azot shi ne abincin shuka da ke cikin takin ure. Kashi 78 cikin 100 na iska azot ne, amma shuka ba ta iya cin shi haka nan.

To, ƙaƙa rizobiyom ke shiga saiwa? Sai da sallama. Saiwa ke fara sakin wani sinadari cikin ƙasa. Rizobiyom ya ji, ya maido amsa da nashi sinadari mai ɗan maiƙo. Cikin shekara ta 1990 masana na Tuluz, ƙasar Faransa, suka gano kamannin wannan amsa. In ta iso, sai umurnin gado da ke kwance cikin saiwa ya farka. Saiwa ta ƙara ƙera ƴan aikinta, waɗanda ake kira anzim. Wasunsu na gutsura maiƙon da ke jikin saiwar kanta, gutsuren ya kai saƙo ciki. Gashin saiwa ya lanƙwashe ya rufe baƙon, ƙurji ya fito. Baƙon da bai iya wannan sallama ba, ba a yi mashi masauki.

Manomi na iya duba aikin da kanshi. Ya tsaga ƙurji guda da reza. In cikinshi ja ne, yana aiki. In kore ne, ya gama. Ƙurjin kirki na ɓallewa in an murza. Kumburin da ya ƙi ɓallewa, wannan ɓarnar tsutsar saiwa ce, sai a nuna ma malamin gona.

Wake da aka cika ma ure ba ya yin ƙuraje da yawa, kuɗi sun tafi banza. Abin da jigawar Maraɗi ta fi rasa mashi shi ne fosfat, a samu ko daga takin supa ko daga takin dabbobi. Gujiya da gawo su ma suna da irin waɗannan ƙuraje.

Lokacin harawa, gara a yanke wake da a tumɓuke shi. Saiwa ta ruɓe cikin gona, hatsin baɗi ya samu.