Darasi: Baƙuwa ma tana da hakki

Ƴan uwa, mata baƙi suna da yawa a ƙasarmu. Wasu neman abinci ya kawo su. Wasu kuma gudun ƴan bindiga suka yi daga Zamfara, Sakkwato da Katsina, suka zauna a jihar Maradi tun shekarar 2019.

Baƙuwa ba ta da dangi kusa, shi ya sa mugu yake raina ta. Ya doke ta, ko ya yi mata fyaɗe, ko ya sa ta karuwanci dole. Ita kuwa tsoro ya hana ta magana.

Mu sani, laifin da aka yi a ƙasar Nijar, shari'ar Nijar ke hukunta shi, ko wadda aka cuta ƴar wata ƙasa ce. A shekarar 2010 gwamnati ta kafa dokar hana fataucin mutane. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai wannan laifi. In yarinya ce aka cuta, hukunci ya fi tsanani. A 2019 an buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto a Damagaram.

In an yi wa mace fyaɗe, a kai ta likita kafin kwana 3 su cika. Maganin kariya daga sida ba ya aiki bayan haka. A karɓi takardar likita, ita ce shaida. Sannan a raka ta wurin jandarma ko ƴan sanda. Kada a kashe maganar a zaure.

Tambayoyi:
1. Kwana nawa ne kada a wuce?
2. Wa zai raka baƙuwa a garinku?