JAK BA MATOKARI BA NE

Manoma, ga kaka ta yi. Daga Doguwa da Tudun Wada har Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ba abin da a ke gani bisa hanya sai akori-kura ɗauke da masara da shinkafa. In kuwa mota ta ɓaci a gona, ko a tsakiyar Dajin Falgore inda ba makaniki, mai ita shi ne makanikinta. Saboda haka darasinmu na wannan mako shi ne yadda mutum zai gyara motarsa, ya koma gida lafiya.

Abu na farko, wanda ya fi duka, shi ne jak. Aikin jak ɗaga mota, ba riƙe ta ba. Bakinsa bai fi tafin hannu ba, ƙasar gona kuwa tana da taushi, balle bayan ruwa. Ka lura, buhu 20 na masara mai kilo 100 tan 2 ke nan, ban da nauyin motar kanta. Jak ya zame, wa zai ɗaga wannan daga ƙirjinka?

To, ga yadda za ka yi. Ka nemi wuri mai tauri, wanda ba gangara. Ka kashe injin, ka ja birkin hannu, ka bar ta cikin giya, ka sa weji gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. In da hali, a sauke kaya. Ka sassauta noti tun taya tana ƙasa, ka shimfiɗa katako mai kauri ƙarƙashin jak, sa'an nan ka ɗaga. Kafin ka sa ko da hannu a ƙarƙashi, sai ka tokare ta da matokarin ƙarfe ko gungume mai faɗi. Kada ka yarda da bulo, ya kan farfashe farat ɗaya.

Na biyu, tufafi. Ka tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun taguwa, don fanbel ba ya sakin abin da ya kama. Ka sa takalmi rufaffe, da safar hannu, da tabarau.

Na uku, batir da lagireto. Ruwan batir yana cin fata, iskar da ke fita daga cikinsa kuwa tana kama wuta, don haka ban da taba, ban da ashana. Ka fara kwance wayar da ke da alamar ɗebewa (–), ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. In ruwan ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta minti 15 ko fiye, sa'an nan a tafi asibiti. Lagireto kuwa, kada a buɗe shi sai ya huce.

Na huɗu, fetur da hayaƙi. Kada ka zuƙi fetur da baki. In ya kama wuta, yashi za a zuba, ba ruwa ba. Kada a ta da injin cikin zaure ko ɗaki a rufe, gama a cikin hayaƙin salansa akwai wata iska marar launi, marar wari, mai kisa. Masu injin ban ruwa a kewayen Dam ɗin Tiga ta ƙasar Bebeji, wannan gargaɗi har da ku.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ai rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, ya kuma koya wa yaron motarsa.

Allah ya kiyaye hanya, amin.