Idan za ka kai shi bakin Tiga

Ɗana, na ji an ce yaron nan ya tasa ka gaba sai ka kai shi fatsa a Tiga, kai kuma kana ta ɗaga masa rana. Ka kai shi. Ɗan shekara takwas da ya roƙi ubansa wuni guda ba zai daɗe yana roƙo ba, nan da 'yan shekaru abokai za su ɗauke maka shi. Sai dai ka tafi da sanin cewa ranar tasa ce. Kada ka ɗauki sandar fatsa taka. Duk uban da ya jefa tasa ƙugiyar, hankalinsa ya koma kan ruwa ke nan, yaron kuwa sai abin da Allah Ya yi.

Tiga ba kududdufin bayan gari ba ne. Kogin Kano aka datse a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama aikin a 1974, ruwa ya hau kan gonaki da kwazazzabai da kututturan itatuwa, har da tsohuwar hanyar kogin kanta. Duk suna nan a ƙasa. Shi ya sa za ka ga wuri ruwa iya idon sawu, taku uku gaba kuma ya shanye babban mutum. Saboda haka kafin ku zauna ko'ina, ku nemi masuntan wurin, ku yi musu sallama, ku gaisa a tsanake, ka ce musu yaro ka kawo ya koyi fatsa, ina ya dace ku zauna. Su suka san inda gaɓa take zaftarewa da inda laka take riƙe ƙafa, kuma sun san inda suka kafa kayansu, kada ƙugiyar yaro ta sarƙe musu koma. Ka bari ya ga yadda ubansa yake rusuna wa mutumin da ya fi shi sanin wuri, ko da rigar mutumin a yage take.

Ku yi nesa da jikin madatsar da bakin babbar hanyar ruwan da ke kai wa gonakin Kadawa. Ruwan wurin yana da ja, gefensa da santsi, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa. Ku zaɓi gaɓa mai shimfiɗe, mai tsakuwa ko yashi, in da inuwar bishiya madalla. In ka samu rigar nan mai hana nutsewa daidai jikinsa, ka sa masa, ko zai yi ƙorafi. Ka tafi da wani babba, don lokacin da ka tayar da salla ya kasance akwai ido a kansa. Waya kuma ta zauna a aljihu. Mutane suna zaton mai nutsewa ihu yake yi, alhali yaro shiru yake tafiya, cikin ɗan lokacin da za ka amsa gaisuwar wani a waya.

Kayan aikin ba su da yawa. Siririyar sandar gora da ba ta fi ƙarfin hannunsa ba, zare, 'yar ƙaramar ƙugiya, sai guntun totuwar kara da za ka ɗaura a zaren ta riƙa yawo a saman ruwa. Ɗan haƙorin nan da ke bayan tsinin ƙugiya, ka sa filaya ka danne shi tun daga gida; in ta shiga yatsa, ko kunne, za ta fita ba tare da an tsaga nama ba. Tana kuwa ku haƙo ta tare da yamma a inda ruwan wanke-wanke yake kwanciya, ku zuba a gwangwani da danyar ƙasa. Da farko kai za ka soka masa ita, yana kallo. In ya ce yana ƙyama, kada ka ce masa rago. Zuwa hantsi da kansa zai karɓa.

Sai zaman jira, wanda shi ne fatsar. Ka nuna masa totuwar, ka ce ita zai kalla. Karfasa tana ɗan taɓawa ta saki, totuwar ta riƙa rawa tana yin ƙananan zobba a ruwa, yaro ya zabura ya fizge, ya tarar ƙugiya fayau, an cinye tanar. Zai yi haka ba sau ɗaya ba. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin karɓar sandar, ka daure. Ka faɗa masa a hankali ya jira sai ta nutse, sannan ya ɗaga. Kifin farko da ya ciro da hannunsa, ko bai fi tafin hannun nasa ba, ya fi masa goma da kai ka kama ka miƙa masa.

Cire kifi daga ƙugiya aikinka ne a wannan karon. Kurungu yana da ƙaya a baya da gefe biyu, in ya miƙe su sai su kafe, sukarsu kuma tana da raɗaɗi. Tarwaɗa ma tana da tata a gefen kai. Wanda ba ku gane ba kada ya taɓa, don minjirya jan mutum take yi irin na lantarki. In kun ci sa'ar karfasa mai ƙwai ko 'ya'ya a baki, ka buɗa masa ya gani, ka gaya masa a nan uwar take renonsu, sannan shi da kansa ya mayar da ita ruwa. Ƙanana ma haka. Wanda za a ci a adana shi, kada a bar yaro yana wasa da abu mai rai yana mutsu-mutsu a yashi.

Abin da ya fi damuna ba a ganinsa da ido, wato tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyayin gefen ruwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, ba sai ya sha ba. Bayan wata biyu ko uku sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji, wannan kuskure ne da ya cuci yara da yawa, domin in ta daɗe tana lalata mafitsara. Don haka ƙafarsa ta tsaya a tudu, da takalmi. Ku tafi da ruwan sha da na alwala daga gida. In fitsari ya kama shi, ka kai shi nesa da gaɓa, ka gaya masa Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma ta nan cutar take komawa ruwa ta kama ɗan wani. In daga baya kuka ga wata alama, asibiti za ku, akwai maganinta, ana ce masa praziquantel.

Ku fita da sassafe, kifi ya fi ci a lokacin, rana kuma ba ta yi zafi ba. Da ka ga ya fara jifa da tsakuwa ko bin fara a ciyawa, to ya ƙoshi, ku naɗe zare tun yana marmarin dawowa. In ba ku kama komai ba, ka sayi kifi a hannun masuntan da suka nuna muku wuri, kada ka matsa musu a ciniki. Amma in kun isa gida kada ka ce wa mahaifiyarsa shi ya kama. Ka bar shi ya ba ta labari da bakinsa, har da na wadda ta cinye tana ta gudu. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, ka gaishe min da shi.