Greccio, Inda Waliyyi Faransis Ya Kafa Komin Kirsimeti

Kowace shekara muna kafa komin Kirsimeti a majami'unmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mafarin wannan al'ada. A darasin nan za mu ziyarci Greccio, wani tsohon ƙauye bisa dutse a ƙasar Italiya, kusa da garin Rieti, arewa da birnin Roma.

Ƙauyen ƙarami ne, gidajensa na dutse, lungunansa matsattsu, da majami'ar Mika'ilu Shugaban Mala'iku a can sama. Amma abin da ke kawo masu ziyara yana wajen gari, tafiyar kimanin kilomita 2: gidan sufaye manne da jikin dutse, da ɗan kogo a cikinsa.

A nan ne aka yi bikin daren Kirsimeti na shekarar 1223, bayan Waliyyi Faransis na Asisi ya roƙi abokinsa Yohanna, wani babban mutumin garin, ya shirya komi da ciyawa, ya kawo sa da jaki. Yana so ya ga da idonsa irin talaucin da aka haifi Ɗan Allah a ciki a Baitalami. Mutane suka hauro da fitilu. Mu lura da kyau: ba a ajiye siffar Maryamu ko ta Yusufu ba. Bisa komin nan aka miƙa hadayar Misa. Faransis, da yake dikon ne, ba fada ba, shi ya rera Bishara, ya kuma yi wa'azi. Wato Yesun da jama'a suka zo nema, a bisa bagade suka same shi.

Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da wani lokaci mukan kashe kuɗi wajen ƙawata komi da fitilu masu walƙiya, mu tsaya ɗaukar hoto a gabansa, sa'an nan mu fice kafin a gama Misa.

Har yanzu dutsen da aka ɗora komin yana nan ƙarƙashin bagaden kogon. A sama akwai ƙananan ɗakunan katako inda sufaye suka riƙa kwana tun ƙarni na 13. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yi addu'a a wurin a 1983, Paparoma Faransis kuma ya sa hannu a kan wasiƙarsa game da ma'anar komin Kirsimeti a can, ran 1 ga Disamba, 2019.