Sabunta Waƙa da Farautar Tsofaffin Faya-fayai: Nazari a Kan Asalin Kiɗan Fim a Yankin Tarauni, Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar da ke tsakanin abubuwa uku da matasan Kano suke sha'awa: sabunta tsohuwar waƙa, neman tsofaffin faya-fayai, da bukukuwan karrama 'yan fim. An ɗauki yankin Tarauni, daga Unguwa Uku zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, a matsayin farfajiyar nazari. Maƙalar ta nuna cewa sabuwar waƙa tana tsayuwa ne a kan tsohuwa, amma masu adana tsohuwar ba su cika samun ambato ba a ranar rabon kambu.

1.0 Gabatarwa

Yankin Tarauni ya tattara kusan dukkan matakan da waƙar fim take bi. A titin Gidan Zoo, wanda ya haɗe da Gyaɗi-Gyaɗi, akwai ɗakunan ɗaukar waƙa da ofisoshin masu shirya fina-finai. A kasuwar waya ta Farm Centre ana tura waƙoƙi a waya da memori. A tashar motar Unguwa Uku, kan titin Zariya, direbobi da fasinjoji ne suke ɗaukar waƙoƙin zuwa wasu garuruwa. Ke nan a wuri guda ana yin waƙa, a rarraba ta, ta kama hanya. Abin tambaya shi ne: daga ina karin waƙar ya fito, kuma wa yake riƙe da asalinta?

2.0 Sabunta Waƙa da Tarihinta

Abin da ake nufi da sabunta waƙa, wanda matasa suke kira rimis, shi ne a ɗauki kari ko amshi ko kiɗan wata waƙa da ta gabata, a sake ɗora ta a kan sabon kiɗa ko sabbin kalmomi. Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin yaran makaɗa sun saba gadon waƙoƙin iyayen gidansu suna yi musu ƙari. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki da kuma inda ake ɗauko karin.

Tun wajajen shekarun 1950 gidajen silima na Kwarori suke nuna fina-finan Indiya a Kano, har karin waƙoƙinsu ya zauna a kunnuwan jama'a. Brian Larkin ya yi nazarin yadda masu bandiri, irin su Ushaƙu Indiya, suke ɗaukar wannan kari suna ɗora begen Annabi (SAW) a kansa. Haka kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin fina-finan Hausa da waƙoƙinsu da aka gina a kan na Indiya. Bayan fitowar Turmin Danya a 1990, da yaɗuwar fiyanon Yamaha a ɗakunan kiɗa, mutum ɗaya ya zama yana iya kwaikwayon kalangu da sarewa da ganga a na'ura guda. A 1999, shekarar da aka fara buga mujallar Fim kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa, waƙa ta riga ta zama abin da yake sayar da fim. A yau kwamfuta ce ta maye gurbin fiyano, kuma makaɗan na'ura na gidajen biki suna yanko muryar mawaƙin gargajiya su ɗora ta a kan kiɗan zamani.

3.0 Daga Garmaho Zuwa Memori

Ba a sabunta abin da ba a ji ba. Waƙoƙin Alhaji Musa Ɗanƙwairo (ya rasu 1991), da Alhaji Mamman Shata (1999), da Hajiya Barmani Choge (2013), da Ɗanmaraya Jos (2015) sun iso wannan zamani ne ta hanyar faifan garmaho da kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana da rauninta: faifai yana karcewa ko ya lanƙwashe a zafi, zaren kaset yana tsinkewa kuma sautinsa yana dusashewa duk lokacin da aka kwafa daga kwafi.

A nan ne aikin masu farautar faya-fayai yake da muhimmanci. Su ne suke bin tsofaffin masu sayar da kaset, irin na Ƙofar Wambai, da masu gyaran rediyo, da gidajen da aka raba gado, suna neman abin da wasu suka ɗauka tarkace ne. Faifai ko kaset na asali yana ɗauke da abin da memori ba ta da shi, wato bango mai sunan mawaƙi da kamfanin da ya buga. Idan waƙa ta shiga waya, sau da yawa sunanta yana sauyawa, a yanke farkonta inda mawaƙi yake ambaton ubangidansa, ko a jingina ta ga wanda ba shi ya yi ta ba. Ga mai nazarin waƙar baka, wannan asara ce babba, domin sanin wanda aka yi wa waƙa da lokacin da aka yi ta shi ne mabuɗin fahimtar turkenta.

4.0 Lokacin Karramawa

Fina-finan Hausa sun samu shiga manyan gasanni. An fara gasar AMAA a 2005, ta AMVCA kuma a 2013, wadda ta ware rukuni ga fina-finan Hausa. A 2020 fim ɗin The Milkmaid, wanda akasarinsa da Hausa aka yi, ya zama gwarzon fim a AMAA, Maryam Booth kuma ta samu kambun mataimakiyar jaruma. Shi Nijeriya ta tura gasar Oscar ta Amurka, kamar yadda ta tura Mai Martaba a 2024.

Sai dai irin waɗannan gasanni suna auna aikin shekara ne, suna kallon wanda sunansa ya fito a allo. Idan kiɗan fim ya burge alƙalai, wanda ya haɗa shi ne zai hau dandamali, ko da karin na wani makaɗin kukuma ne da ya daɗe da rasuwa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta tanadi kariya ga ayyukan fasaha har da na gargajiya. Amma magada ba za su iya neman haƙƙi ba idan babu shaidar asalin waƙar, kuma shaidar tana hannun mai tsohon faifai.

5.0 Kammalawa

An ga cewa sabunta waƙa hanya ce ta raya tsohon kari, muddin an faɗi inda aka ɗauko shi. Don haka ana ba da shawarwari uku. Na farko, masu shirya fim su riƙa rubuta sunan mawaƙin asali a jerin sunayen ƙarshen fim. Na biyu, sassan nazarin Hausa na jami'o'i su haɗa kai da masu tara faya-fayai, a kwafe su a kwamfuta tare da hoton bangonsu da sunan wanda ya adana. Na uku, masu shirya bukukuwan karramawa na Kannywood su ware kambu ga adana waƙa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidan kiɗan fim kuwa yana cikin waɗannan tsofaffin faya-fayai.