Renon ɗiyan itatuwa cikin gida: daga ƙwaya zuwa gona

Darasinmu na wannan fitowa a kan renon ɗiyan itatuwa ne cikin gida. Tun shekarar 1975 ake bukin dashen itatuwa a ƙasarmu ranar 3 ga watan Agusta. A wannan shekara kuma aka soma dasa layukan bedi, wato dogon yaro, a kwarin Majiya kusa da Buza cikin jihar Tawa, don su tsare gonaki daga iska. Duk itatuwan nan a wurin reno suka fara rayuwa. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa, manoma sun raya itatuwa masu ɗimbin yawa ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma. Amma iccen da babu kututturensa a gonarmu, kamar mangwaro ko lemu ko gwaba ko zogala ko kuka, sai mun samo shi daga ƙwaya.

Da yawa cikinmu muna shibka ƙwaya a ɗaki ko zaure ko ƙarƙashin rumfa, don gudun awaki da kaji, da sanyin hunturu, da zafin bazara. Dabara ce mai kyau, amma ɗaki wurin haihuwa ne kawai. Ɗan iccen da ya daɗe cikinsa yakan yi tsawo babu ƙarfi. Ran da aka kai shi gona, rana ta ƙone shi cikin kwana kaɗan, wahalar wata 3 ta tafi a banza. Don haka aikin mai reno shi ne ya shirya ɗan icce sannu a hankali har ya iya zaman gona.

Lokacin shibka

Mu yi lissafi daga ranar dashe mu komo baya. Dashe yana kyau cikin watan Yuli zuwa farkon Agusta, sa'ad da damana ta zauna. Gawo da bagaruwa da dakwara da kuka suna bukatar wata 3 zuwa 4 a leda, sai mu shibka su cikin Maris ko Afrilu. Zogala, wadda wasu ke kira tamaka, tana da saurin girma, mako 6 zuwa 8 ya ishe ta. In muka yi gaggawar shibka, icce zai fi ƙarfin ledarsa tun ruwa bai sauka ba.

Ƙasa da leda

Mu haɗa kashi 2 na rairayi da kashi 1 na taki ruɓaɓɓe, mu tankaɗe, mu cuɗa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Leda mai tsawon santimeta 20 zuwa 25, wato taƙi ɗaya da ɗan ƙari, ta isa. Wanda bai da leda yana iya aiki da gwangwani. Ko wanne ne, lalle a huda gindinsa wuri 3 ko 4 don rarar ruwa ta fita.

Shirya ƙwaya

Ƙwayar gawo da bagaruwa da kuka tana da ɓawo mai tauri, ruwa ba ya shigarta da sauƙi. Shi ya sa gawo ya fi tsira inda dabbobi suka ci ƴaƴansa suka yi kashi. Mu a gida, sai mu tafasa ruwa, mu sauke daga wuta, mu zuba wa ƙwayar, mu bar ta ta kwana ciki. Ko kuwa mu ɗan ɗebe gefen ɓawon da reza, ba tare da mun taɓa cikin ƙwayar ba. Zogala ba ta bukatar haka. Ƙwayar bedi da ta mangwaro kuwa ba su jure ajiya, cikin makonni kaɗan suke mutuwa, sai a shibka su suna sababbi.

Mu sa ƙwaya 2 ko 3 cikin kowace leda, zurfin ya yi kamar kaurin ƙwayar sau 2. In sun tsira sun yi ganye sosai, mu bar wanda ya fi lafiya, mu tsinke sauran daidai da ƙasa. In muka tuge su, za mu girgiza saiwar wanda muka bari.

Haske da iska

Kafin ƙwaya ta tsira, laima da ɗumi take so, ɗaki ya ishe ta. Daga ranar da kore ya ɓullo, haske ya zama abincinta, domin da hasken rana ganye yake sarrafa abin da icce ke girma da shi. Ɗakunanmu na laka ƙananan tagogi gare su, haskensu bai isa ba. Ga alamun ƙishin haske: kara siriri mai tsawo, ganye ƙanana masu fari-fari, nisa tsakanin ganye da ganye, da karkata wajen ƙofa.

Da zarar sun tsira, mu kai su bakin ƙofa ko gefen rumfa na gabas, inda za su sha ranar safe su huta da ta tsaka. In dole suna bakin taga, mu riƙa juya ledar kowane kwana 2 don karan ya miƙe. Iska mai sauƙi ma tana da amfani, domin kaɗawar da take yi tana sa kara ya yi kauri.

Ban ruwa

Cikin ɗaki ƙasa ba ta saurin bushewa, saboda haka yawan ruwa ya fi ƙishirwa kashe ɗiyan itatuwa. Kafin mu ba su ruwa, mu tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓar farko. In da laima, mu dakata. A waje lokacin bazara, ana ba su safe da marece. Mu yi aiki da gwangwani mai ƙananan huji, don ruwa ya sauka kamar yayyafi kada ya tone saiwa. Ruwan sabulu da ruwa mai kanwa ko gishiri ba su dace ba.

In muka ga ɗan icce ya faɗi, gindinsa ya yi baƙi ya tsuke daidai bakin ƙasa, wannan ruɓewar gindi ce. Wata irin funfuna ce ta cikin ƙasa ke kawo ta, inda laima ta yi yawa iska kuma ba ta ratsawa. Wanda ya kamu ba ya tashi. Mu fitar da shi da ƙasarsa, mu rage ruwa, mu buɗa tsakanin ledoji.

Saiwa

Itatuwan ƙasarmu saiwa suke fara yi kafin reshe. Gawo tun yana ƙarami saiwarsa take fin karansa tsawo nesa. In leda ta daɗe wuri ɗaya, saiwa za ta fita ta huji ta kama ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke, icce ya yi yaushi. Maganin abin shi ne kowane mako 2 mu ɗaga ledoji mu sake musu wuri, mu yanke saiwar da ta fito da wuƙa mai kaifi, da marece, sa'an nan mu ba su ruwa.

Tsaro da lafiyar gida

Mu kewaye wurin da zana ko ƙaya saboda awaki da kaji. Toka da aka barbaɗa kewaye da ledoji tana rage gara da tururuwa. Kada mu fesa maganin ƙwari a ɗakin kwana ko inda ake ajiye abinci, kada kuma mu bar shi inda hannun yara ke kai. Randar ban ruwa a rufe ta, ruwan da ya kwanta a kwashe shi, domin cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan sauro yake zama sauro, shi ne kuwa mai kawo zazzaɓi.

Horo kafin dashe

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mako 3 ko 4 kafin dashe, mu soma horo. Mako na farko, ranar safe har hantsi. Mako na biyu, har kusan azahar. Daga nan mu yaye inuwa ɗungum, su yini su kwana a fili. Ruwa kuma mu mai da shi sau ɗaya a yini, amma kada mu bari ganye ya kwanta. Dashe nagari gajere ne kakkaura, tsawonsa santimeta 20 zuwa 30, gindinsa ya soma tauri, ganyensa kore shar. Gajere mai ƙarfi ya fi dogo mai laushi.

Ranar dashe

Mu jira ruwa mai ƙarfi wanda ya ratsa ƙasa. Mu gina rami mai faɗi da zurfin santimeta 40. Da marece, mu yanke gindin leda kamar faɗin yatsa don cire saiwar da ta nannaɗe, mu tsaga ledar mu zare ta ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Mu sa icce gindinsa daidai da yadda yake a leda, mu cika, mu danne, mu yi masa ɗan gurbi na tara ruwa, mu kewaye shi da ƙaya. Ledojin kuwa mu tattara su, domin dabbar da ta haɗiye leda tana iya mutuwa. Mai neman iri nagari ko ƙarin bayani, sai ya tuntuɓi ma'aikacin gandun daji ko malamin gona na yankinsa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne alamu ke nuna ɗan icce bai samun isasshen haske?
2. Me ke kawo ruɓewar gindi, yaya kuma ake tsare ta?
3. Don me ake sake wa ledoji wuri kowane mako 2?
4. In muna son dasa gawo cikin Yuli, wane wata ya kamata mu shibka?