Daɓen siminti daga zaure zuwa ƙofar ɗaki: inda kuɗin ke tafiya

Duk wanda ya ga dattijo yana dogara sanda cikin caɓi da asuba zai tafi masallaci, ko uwargida tana sanɗa da tukunyar miya daga madafa, ya san amfanin ƴar siririyar hanyar siminti a tsakar gida. Magidanta da yawa a Agye, Gazawa da Gidan Rumji suna so, amma da an ɗauko zancen sai a tsaya kan kuɗin buhu. Buhu kuwa shi ne mafi sauƙin lissafi. Tsakuwa, jigila da ruwa su ne ke cinye aljihu ba a sani ba.

1. Ka auna kafin ka kira magini. Hanya mai tsawon mita 10, faɗin mita 1, kaurin santimita 8 ta ishi ƙafar mutum, baro da babur. Kwaɓin da aka saba shi ne buhu 1 mai kilo 50, baro 1 na yashi, baro 2 na tsakuwa, da ruwa kamar jarka 1 mai lita 25. A kan wannan awo za ka ci buhu 6, baro 6 na yashi, baro 12 na tsakuwa. In amalanke ko mota za ta riƙa hawa, kaurin ya wuce santimita 12, a sa rodi, kuma wannan wani lissafi ne daban. Mai gidan da ya zo da adadinsa a takarda, da wuya a ce masa siminti ya ƙare aiki na tsakiya.

2. Ka tambayi farashin tan, ka raba 20, domin buhu 20 ne tan guda. Da haka za ka gane abin da ɗan kasuwa ya ɗora. Simintin da ke shigo mana, wani daga Malbaza yake a jihar Tawa, wani daga Najeriya, shi ya sa farashi ke rawa da halin iyaka: an gani lokacin da Najeriya ta rufe tata a 2019, an sake gani bayan takunkumin da aka sa wa ƙasarmu a 2023. A ƙarshen 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, gwamnati ta ƙayyade farashi ta rage shi, amma kuɗin mota zuwa ƙauye yana nan a wuyan mai saye. Siminti mai lamba 32.5 ya wadatar ga hanyar ƙafa. Ka danna buhun da hannu. In ka ji dunƙule, ya sha danshi, bar musu kayansu ko da an yi maka ragi.

3. Tsakuwa ce matsalarmu. Ƙasar nan yawancinta jigawa ce, rairayi ko'ina, dutse sai an nema. Wanda ke bakin kwalta, a Cadawa ko Tibiri, zai samu da sauƙi fiye da na can cikin daji wanda sai kurar shanu ta yi sawu biyu ko uku. Nan ne maƙwabtaka ke da rana: gida uku ku haɗa ku yi odar mota guda, ku raba da baro. Kada a yarda a cike gurbin tsakuwa da ƙarin yashi. Aikin zai yi kyau a ido ranar farko, damina biyu ya fara ɓarewa.

4. Ba kowane yashi ne na gini ba. Rairayin tsakar gida ya cika laushi da ƙura. A nemo mai kaushi na gulbi, Gulbin Maraɗi ga mutanen Gidan Rumji, Gulbin Kaba ko koramu ga na gabas. Zuba kaɗan a kwalba da ruwa, girgiza, ajiye. In laka ta kwanta a sama da kauri, sai an wanke shi ko a canza wuri.

5. Aikin ƙasa ya fi na sama muhimmanci, kuma shi ne wanda gida zai iya yi da kansa ya rage kuɗi. A haƙe santimita 15, a cire saiwa da shara, a zuba marmara, a yayyafa ruwa, a daɓe har sai dunduniya ta daina nutsewa. Samari biyu da yini guda sun isa. A karkatar da hanyar kaɗan, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ruwa ya bi ta wajen rariya. Na ɗauki wannan da zafi, domin daɓen da ke tura ruwa gindin katangar ƙasa ya fi rashin daɓen sharri. Da kuɗinka ka sayo wa ɗakinka rushewa. A kuma nisanci gindin dogon yaro, saiwarsa na ɗaga siminti. A kauce wa itacen dai, kada a sare shi.

6. Ku yi jinga da magini a kan aikin gaba ɗaya, ba kuɗin yini ba, a gaban shaida. A faɗi wa zai kawo katakon gefe, wa zai biya lebura, wa zai ciyar. Ka ba da kafin alƙalami, ka riƙe saura sai bayan mako guda. Ka ce ya tsaga layi kowace mita 1 da rabi, don in zai tsage ya bi nan, kuma ya ja tsintsiya a saman tun yana ɗanye. Mai sulɓi kamar faranti yana kayar da tsoho in ruwan alwala ya zuba.

7. Ruwa kashi biyu ne, mutane kan manta na biyun. Lebura yana son kwaɓi ruwa-ruwa don ya fi sauƙin shebur, alhali yawan ruwa ke kashe ƙarfin siminti. Bayan an gama kuwa, sai an shayar da shi safe da yamma har kwana 7, a rufe da tsofaffin buhuna ko karan dawa, ƙarfinsa ba ya cika sai kwana 28. In ga-ruwa ke kawo muku, ka sa kuɗin jarkokin nan cikin lissafi tun farko. A tsare awaki da yara kwana 2.

8. Bayan kaka ne lokacinsa: an sayar da wake da gyaɗa, hanyoyi sun bushe, samari ba su riga sun tafi ci-rani ba. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da kwaɓi tun bai kama ba. In hunturu na kaɗawa, a zuba da sassafe a rufe nan take.

9. In kuɗin bai kai ba, kada a rage siminti a kwaɓi, a rage tsawo. A fara da inda aka fi wahala, ƙofar ɗakin tsohuwa zuwa makewayi, ko madafa zuwa randa. Mita 4 buhu 3 ne har da ɗan saura, baɗi a ɗora daga inda layin ya tsaya.